Alewa marar sukari ta dace da mai tsarin keto?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina bin tsarin keto, wato cin abinci mai ƙarancin kabohaidiret, a nan Garwa, na bar tuwo, shinkafa da burodi, kabohaidiret ɗina ba ya wuce giram 20 a rana. Kwaɗayin zaƙi ne ya addabe ni, musamman da la'asar lokacin shayi. A kanti na samu alewa an rubuta mata "sans sucre" (marar sukari), amma a bayan ledar akwai maltitol, wani sinadarin zaƙi da ake sawa a madadin sukari, kuma adadin "glucides" (kabohaidiret) ɗin ba kaɗan ba ne.

Na san erythritol da stevia, su ma madadin sukari ne, kusan ba sa ɗaga sukarin jini. Maltitol kuwa yana ɗagawa, ga kumburin ciki da gudawa in aka sha da yawa. To wajen lissafin kabohaidiret ɗin alewar, maltitol ɗin duka zan cire ko rabinsa? Ƙwaya biyu za su iya fitar da ni daga ketosis, wato yanayin da jiki ke ƙona kitse maimakon sukari? Don Allah wanda yake auna jininsa bayan ya sha irin wannan alewa ya taimaka min.