Waɗanda suka kalli The Batman na 2022, ya kuka gan shi?

Ɗan Baiwa: Salam 'yan uwa, ina so waɗanda suka zauna suka kalli The Batman na Matt Reeves har ƙarshe su faɗa mana yadda suka ji. Ni dai abin da ya kama ni shi ne an dawo da Batman mai bincike kamar yadda yake a littattafan zane na DC, tun daga kisan magajin garin Gotham a daren Halloween da katin da makashin, wato Riddler, ya bar masa hankalina bai ƙara ɗaukewa ba.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Ni a waya na fara kallonsa, wallahi na sha wahala, duhun fim ɗin ya yi yawa, na ƙure hasken wayar amma wani wajen fuskata kawai nake gani a gilashin. Sai da dare na kashe fitila na sa a talabijin sannan na ga aikin da Greig Fraser ya yi da kyamara, musamman faɗan nan da babu wani haske sai walƙiyar bindigogi. Amma fa ba na yara ba ne, tun a kisan farko na tura nawa ɗaki.

Sarkin Kallo: Robert Pattinson ya yi ƙoƙari cikin rigar Batman, tafiyarsa kaɗai tana sa gaban mutum ya faɗi. Matsalata idan ya cire rigar ma haka yake, ba fara'a ba magana, ba ka ganin Bruce Wayne (ainihin sunan Batman) attajirin da ke shiga mutane. Alfred mai hidimar gidansa kuma an samu Andy Serkis amma ba a ba shi wuri ba, rabin fim yana kwance a asibiti.

Yaya Babba: Ƙanena ai shekarar Bruce ta biyu kenan da fara aikin Batman, bai koyi ɓoye kansa ba tukuna. Ni inda ya taɓa ni maganar kuɗin Renewal ce, dala biliyan ɗaya da Thomas Wayne mahaifin Bruce ya ware don raya gari da taimakon marasa ƙarfi, yana mutuwa Falcone uban 'yan daba da manyan 'yan sanda da 'yan siyasa suka yi watanda da su, marayu na kwana cikin sanyi, Riddler ma a gidan marayun ya tashi. Na jima ina tunanin wannan bayan na kashe talabijin. To amma mutumin da ke kukan an zalunci talaka shi ne zai fasa bangon teku ruwa ya cinye talakawan? Daga nan fim ɗin ya sake ni, ga shi kusan awa uku.

Maman Hanif: Yaya ni kuma wajen ambaliyar na fi so, da Batman ya ji yaron Riddler ya kira kansa da kalmar ramuwar da shi yake kiran kansa da ita, ka ga jikinsa ya yi sanyi, ya koma fito da mutane daga ruwa.

Yaya Babba: Na yarda da wannan, amma da an rage minti ashirin a tsakiya da ya fi shiga jiki.

Ɗan Baiwa: Ba wanda ya ambaci Penguin, yaron Falcone! Ni sai da sunaye suka fito na san Colin Farrell ne, kuma tseren motar nan ku kalle shi da lasifika mai kyau, ƙarar injin kaɗai ta isa.