Neman shawara: ina ake sayayya da cin abinci a tsakiyar garin Kaduna?

Baƙo daga Gusau:
Assalamu alaikum. A makon gobe, in Allah Ya yarda, zan shigo Kaduna tare da maiɗakina domin haɗa lefen ƙanena, kuma kwana biyu kacal za mu yi. Ban san garin ba in ban da wucewa ta Kawo a mota, saboda haka nake roƙon mazauna garin su nuna mana inda ya dace mu fara, da kuma inda baƙo zai ci abinci hankalinsa kwance.

Mazaunin Unguwar Sarki:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah Ya sa a yi biki lafiya. Ka nemi masauki kusa da titin Ahmadu Bello, domin shi ne ya ratsa tsakiyar gari, kuma a gefensa babbar kasuwa take, wadda aka sanya wa sunan Sheikh Abubakar Gumi, malamin da ya rasu a 1992. Mafi yawan mutane dai har yanzu Santaral suke ce mata, kuma da wannan sunan masu Keke Napep za su fi saurin gane ka. A can za ku samu atamfa da leshi da shadda da akwatuna da takalma ba tare da kun bar wuri ɗaya ba. Ku shiga da hantsi, ku zagaya shaguna uku ko huɗu kuna tayawa kafin ku ciro kuɗi, saboda farashin da aka fara faɗa wa baƙo ba shi ne na sallamawa ba. Idan zuwanku ya faɗa ranar Juma'a, ku gama kafin azahar, domin shaguna da yawa suna rufewa a tafi masallaci.

Uwargida daga Tudun Wada:
Gaskiya ne abin da Malam ya faɗa, amma ni ban yarda a ƙare kuɗin lefe duka a Santaral ba. Ka bar wa Hajiya rana ta biyu ta zo Kasuwar Barci da ke nan Tudun Wada. An fi saninta da gwanjo, shi ya sa wasu suke raina ta, alhali kuwa akwai sababbin yadudduka da mayafai da teloli masu yawa a cikinta, kuma mace mai ido takan rage kashe kuɗi ƙwarai. Idan kuna son tsarabar kayan miya, kasuwar Bakin Dogo ba ta da nisa daga nan. Kasuwar Kawo kuma ranar Talata take ci, ga ta a kan hanyarku ta komawa gida.

Tsohon ma'aikaci daga Malali:
Tunda an gama da sayayya, bari in taɓa batun ciki. Da rana kada ku wahalar da kanku, domin a titunan da ke kewaye da kasuwar Santaral akwai masu tuwon shinkafa da masa da miyar taushe, da masu sakwara da miyar agushi, sai dai a zaɓi inda ake ganin mutane suna shiga da fita. Da yamma, idan kuna son wurin zama mai natsuwa da iyali, ku nufi titin Isa Kaita da Unguwar Rimi, inda gidajen abinci na zamani suka fi yawa, kodayake kuɗinsu ya ɗara na cikin kasuwa nesa ba kusa ba. Tsire da balangu kuwa sai bayan magariba, lokacin da mahauta suke hura wuta a bakin titi. Barnawa, a tsallaken kogi, ta yi suna wajen gasasshen kifi, amma da akwatunan lefe a mota ni ba zan ƙetara gada da dare ba, gara a sauke kaya a masauki tukuna.

Baƙo daga Gusau:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Maiɗakina ta riga ta ce ranar Kasuwar Barci tata ce, ni dai riƙon jaka ne nawa.