"Da tsohuwar zuma ake magani": har a kamfani ma?

Malam Buba: Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo yau ita ce "da tsohuwar zuma ake magani". Na lura a kamfanoni da ma'aikatu, da zarar ƙaramin ma'aikaci ya kawo shawarar a sauya yadda ake aiki, da ita manya ke rufe masa baki. Abin yana damuna. Shin haka magabata suka nufa?

Hadiza: Wa'alaikumus salam Malam. A ganina karkatar da ita suka yi. Mai riƙe tsari don kawai ya saba da shi yana da tasa karin maganar: "sabo turken wawa". Ga Kodak nan, kamfanin Amurka mai yin fim ɗin da ake sa wa kyamara don ɗaukar hoto. A 1975 injiniyansu Steven Sasson ya haɗa kyamarar da ba ta buƙatar fim, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Abin a cikin gidansu aka haife shi, amma a 2012 kamfanin ya je kotu yana neman kariya daga masu binsa bashi.

Baba Tanko: 'Yata, yi a hankali, kada ki mai da mutanen nan wawaye. Kodak sun ƙera sabuwar kyamarar, sun kuma sayar da ita sosai. Matsalar ita ce ba a jikin kyamara ribarsu take ba. Tana cikin fim, da takardar hoto, da sinadarin wanki, abin da mai kyamara zai yi ta dawowa yana saya. Sabuwar kuwa sau ɗaya ake sayenta, shi ke nan. Wane shugaba ne zai tsaya gaban masu hannun jari ya ce zai toshe mashigar kuɗinsu da hannunsa? Ƙirƙirar sabon kaya ba ta kai ƙirƙirar sabuwar hanyar cin riba wuya ba.

Hadiza: Na karɓi gyara, Baba. To amma ai ka ƙara mini hujja ne.

Baba Tanko: A'a, ban gama ba. Guguwar nan ta samu Fujifilm na Japan su ma. Da cinikin fim ya fara zubewa bayan shekarar 2000, sai suka zauna suka tambayi kansu: mu me muka iya? Sun san sinadarin kolajin, wanda ake samu a fatar jiki, domin da shi ake yin fim. Sun san yadda ake hana hoto koɗewa. A 2007 suka fitar da man gyaran fata mai suna Astalift, a 2008 suka sayi kamfanin magani na Toyama Chemical. To wannan shi ne magani da tsohuwar zuma. Ilimin suka riƙe, fim ɗin suka sake shi.

Malam Buba: Ke nan Baba, karin maganar ba ta hana sauyi ba, tambaya take yi: a cikin abin da muka gada, wanne ne zumar?

Baba Tanko: Haka nake gani, Malam. Kuma sau da yawa ba shugaba ne ya san amsar ba, ma'aikacin da ke taɓa kayan kullum ne.

Yaya Sale: Shi ya sa tsarin kamfanin 3M na Amurka yake burge ni. Sun bar injiniyoyinsu su yi amfani da kashi 15 cikin ɗari na lokacin aiki a kan abin da ransu ke so. A 1968 Spencer Silver ya samar da gam marar ƙarfi, ya yi shekaru yana yawo da shi a cikin kamfanin ba wanda ya ga amfaninsa. Sai da abokin aikinsa Art Fry ya shafa shi a 'yar takardar alama don kada ta riƙa zamewa daga littafi. A 1980 waɗannan 'yan takardu masu mannewa, wato Post-it, suka bazu a kasuwa. Da an ce Silver ya zubar da shi tun farko fa?

Hadiza: Yaya, ni inda nake da ja shi ne, wani lokacin zumar ba a gidanka take ba. Kafin annobar korona, BioNTech ƙaramin kamfani ne a Jamus, tun 2008 suke binciken fasahar mRNA, wato wata sabuwar hanyar haɗa magani da rigakafi, amma a lokacin ba su da ƙarfin yin gwaji a kan dubban mutane da rarrabawa duniya. Pfizer, babban kamfanin magani na Amurka, na da wannan. Suka haɗa kai a Maris 2020, a watan Disamba Birtaniya ta amince da allurar rigakafin korona tasu. A nan "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" ta fi dacewa.

Baba Tanko: Gaskiya ne, sai dai kada ki manta tun 2018 suke aiki tare a kan rigakafin mura. Amanar da aka gina kafin annoba ce ta sa aikin ya yi sauri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malam Buba: To ga abin da ya rage mini. Yaron da aka rufe wa baki da wannan karin magana a gaban taro, me zai ce wa ogansa ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba?

Yaya Sale: Ya bari a tashi, ya same shi a ofis, ya roƙi a ba shi wata uku da abokan ciniki kaɗan ya gwada, tsohon tsarin na ci gaba da tafiya a gefe. Idan ya dawo, da lissafi a hannu zai dawo.