Gyaran gida kafin sayarwa: abin da jama'a suka ce

'Yan'uwa, na tattaro abin da aka faɗa kan ko kuɗin gyara na dawowa in an tashi sayar da gida a Katsina.

1. Baki ya zo ɗaya kan rufi. Kwano mai yoyo da silin mai tabon ruwa su mai saye ke fara nunawa don ya karya farashi. A gyara su kafin damina, a toshe tsagar bango, a shafa fenti.

2. Gida mai bohol da tanki ya fi saurin samun mai saye.

3. Tayil mai tsada ba kasafai yake mayar da kuɗinsa ba. Sau da yawa uwargidan da ta tare sai ta ce a fasa a sa wanda take so.

4. A cikin gari, wajajen Ƙofar Soro, fili ake saye. Tsohon ginin ƙasa rushe shi za a yi.

5. An rabu kan sola. Wasu sun ce a bar ta a ƙara kuɗi, wasu sun ce a kwance a tafi da ita. Ni dai kwancewa zan yi, batir tsufa yake.

6. Takardun gida su cika kafin a kira dillali.