Wace ƙungiya ce Skyforce? Na ga sunan jikin rigar gwanjo

Baban Usama, Jega

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu bin ƙwallon kwando, don ni iyakata ƙwallon ƙafa, shi ma sai in Najeriya na wasa.

Shekaranjiya na bi ta layin 'yan gwanjo na iske an fasa sabuwar dila. Rigar sanyi na je nema wa ƙaramin, sai idona ya faɗa kan wata riga marar hannu irin ta 'yan kwando, yadin nan mai huji-huji, an rubuta SKYFORCE a ƙirji. Munka daidaita da mai kaya naira 2,500, na kawo ma Usama. Shekararsa 15, amma wallahi sai na ɗaga kai in za ni yi mai faɗa. Kullum bayan la'asar yana filin makarantarsu, inda kwando guda ya karkace tun bara.

Rana guda ya sa ta, ya dawo ya cusa ta ƙarƙashin katifa. Wai abokai sunka ce babu ƙungiya mai wanga suna a NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, jabu ce, wani tela ya buga. Su dai Lakers da Warriors sunka sani. Ni kuɗina ke yi mini ciwo. Akwai ƙungiyar, ko sakiyar da ba ruwa anka yi mini?

Koci Dogo, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam Baban Usama. Ba a cuce ka ba. Yaran sun yi gaskiya ta gefe guda, ba ta cikin NBA, amma ƙungiya ce ta gaske, kuma ta girmi iyayen wasu daga cikin masu yi masa dariya.

Cikakken sunanta Sioux Falls Skyforce. Kada rubutun ya ruɗe ka, "Su Fols" ake faɗa. Gari ne a jihar Dakota ta Kudu a Amurka, shi ne mafi girma a jihar, amma mutanensa ba su wuce dubu 200 da wani abu ba, ga sanyi mai ƙanƙara. An kafa ƙungiyar a 1989 cikin wata gasa mai suna CBA, wadda ita ce ke ƙarƙashin NBA a lokacin. Ita CBA ɗin tsohuwa ce tukuf, tun 1946 take, da wani sunan daban. Aikinta tara 'yan wasan da NBA ba ta ɗauka ba ko ta sallama. Mutum yana buga wasa yana sauraren waya, ko Allah zai sa wata babbar ƙungiya ta rasa ɗan wasa ta kira shi a kwantiragin kwana 10.

Skyforce ta ci kofin CBA a 1996, ta doke Fort Wayne Fury. Ta sake ci a 2005 a kan Rockford Lightning, ƙarƙashin Dave Joerger, wanda daga baya ya horar da Memphis da Sacramento a NBA. Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya faru tsakanin kofunan nan biyu. A 1999 Isiah Thomas, tsohon tauraron Detroit Pistons, ya sayi CBA ɗungurungum, gasar da ƙungiyoyinta, a kan dala miliyan 10. Ba a yi nisa ba ya karɓi aikin horar da Indiana Pacers, dokar NBA kuma ta hana shi riƙe taura biyu a baki. Gasar ta zama ba mai kula da ita, kuɗi suka ƙare, a Fabrairun 2001 aka rufe ta ana tsakiyar kaka. Ka ɗauka yau ana wasa, gobe an ce kowa ya kama gabansa. Ƙungiyoyi da dama daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Mutanen Su Fols suka ƙi yarda tasu ta mutu. Suka lallaɓa ta cikin wata gasa mai suna IBL ta ƙarasa kakar, da aka farfaɗo da CBA ta koma.

A 2006 ta tsallaka zuwa D-League, gasar renon da NBA ta kafa da kanta a 2001. Da ta tsaya a CBA da ta mutu tare da ita, don a 2009 CBA ɗin ta rufe gaba ɗaya. D-League ɗin ce aka mayar wa suna G League a 2017, bayan kamfanin Gatorade ya zuba kuɗi.

Ka ce wa Usama ya gaya wa abokansa 2016. A kakar nan Skyforce ta buga wasa 50 ta ci 40, abin da ba a taɓa yi ba a gasar kafin nan, sannan ta ɗauki kofin a hannun Los Angeles D-Fenders, wato ƙaramar ƙungiyar Lakers ɗin da suke taƙama da ita.

Ɗan Yauri

Koci, Allah ya ƙara sani, amma ka yi wa abin kwalliya da yawa. Ka bar babbar magana: yanzu ƙungiyar ta Miami Heat ce, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin NBA. Tun 2013 su kaɗai ke da ita a matsayin gidan reno, a 2017 kuma suka sayi kaso mafi tsoka. To ina ƙungiyar gari a nan? Wanda duk ya fara haskakawa, Miami ta ɗauke shi ko da gobe ake wasan ƙarshe. Kocin ma su ke turo shi, tsarin wasan nasu ne. Ni ban ga yadda zan mutu a kan ƙungiyar da burin kowane ɗan wasanta shi ne ya bar ta ba. Wannan kiwo ne, kai ka sha wahalar harawa da dusa, ranar sallah wani ya ja ragon.

Koci Dogo, Birnin Kebbi

Ɗan Yauri, ka taɓa ni inda yake yi mini ciwo, don abin da ka faɗa shi nake ciki. Shekara uku ina tashi da wani yaro asuba, daga bai iya riƙe ƙwallo da hannun hagu ba har ya zama ba wanda ke tare shi a garin nan. Takalminsa na farko da kuɗina na saya, lamba 47, sai da na aika Sakkwato aka nemo. Saura mako biyu mu tafi gasa wata ƙungiya daga wata jihar ta zo ta yi magana da mahaifinsa, ko sallama ba a yi mini ba. Na kwana uku ban je fili ba. Amma da na huce na tambayi kaina, in ya zauna me zan ba shi? Filin siminti da rana ta fasa? Can aƙalla akwai albashi, kuma a nan Najeriya in ba ka shiga irin su Kano Pillars ko Rivers Hoopers ba, wa zai gan ka?

Kuma akwai abin da ba ka duba ba. A 2006 ɗin nan ba Skyforce kaɗai ta bar CBA ba, tare suka fita da Dakota Wizards da Idaho Stampede. Wizards, Golden State ta saye ta ta kwashe ta zuwa Santa Cruz a 2012. Stampede, Utah Jazz ta mayar da ita Salt Lake City a 2016, aka canza mata suna. Duk manyan sun fi son 'yar renonsu kusa da gida. Tsakanin Miami da Su Fols akwai fiye da kilomita 2,000, amma har yau tana garinta da sunanta, tana wasa a Sanford Pentagon, ɗakin da bai fi cin mutum dubu uku da 'yan kai ba. Shi ya sa ake ce mata ƙaramar ƙungiyar kwando mafi daɗewa a Amurka. Ba don Allah Miami ta bar ta can ba, ta ga mutanen garin suna sayen tikiti ne.

Maman Hanifa, Argungu

Ku maza kun tsaya gardamar wa ke da ƙungiya, kun manta yaro na nan ya ɓoye riga. Baban Usama, ka ce masa ya nemo Gabe Vincent a YouTube, Nnamdi kenan, mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Babu ƙungiyar NBA da ta zaɓe shi da ya gama jami'a a 2018. Ta G League ya bi, a farkon 2020 Miami ta ɗauke shi, ya sa rigar Skyforce, shi aka ba kyautar wanda ya fi kowa ci gaba a kakar. Ranar 10 ga Yulin 2021 a Las Vegas, da D'Tigers, ƙungiyar kwandon maza ta Najeriya, suka doke Amurka 90 da 87, shi ya fi kowa maki, 21. Ni da ƙannena muka raba dare a kan waya guda, cajin na ta ƙarewa. Ku tuna a gasar Olympics ta Landan 2012 waɗannan mutanen 156 da 73 suka yi mana. A 2023 kuma da shi Miami ta fara wasannin ƙarshe na NBA da Denver, daga nan Lakers ta ɗauke shi. Duncan Robinson ma, wanda ya yi suna a Miami, ta Skyforce ya bi.

Baban Usama, Jega

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na miƙa mai wayar ya karanta da kansa, bai ce komi ba. Da la'asar dai na ga an fiddo riga an wanke, tana shanye bisa igiya.

Koci, tunda kana nan Birni, ko ka san mai walda da ya iya gyaran kwando? Wanda munka kira bara ƙofar gida ya iya, shi ya ƙara karkata shi.