Jirgin igiya mai injin biyu: wanne ya dace da ƙananan injina?

Mai Balsa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara uku ke nan ina tashin jirgin igiya mai injin ɗaya, wato ɗan jirgin wasa da ke zagaye mutum yana sarrafa shi da igiyoyi daga mariƙin da ke hannunsa. Yanzu Allah ya haɗa ni da ƙananan injinan Cox Babe Bee .049 guda biyu, tsofaffi ne amma da sauran ƙarfinsu. Na wanke su, na sa sababbin fulogi, kowanne ya tashi a kan benci. Raina ya kwanta da P-38 Lightning, mai jela biyun nan na kamfanin Lockheed, tun ina yaro siffarsa take burge ni. Sai dai kafin in sa wuƙa a katako ina so in ji ta bakin waɗanda suka taɓa tashin mai injin biyu. Wanne kuka gina, yaya kuka kwashe da shi?

Kawu Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka zaɓi siffa ka fara tambayar kanka abu ɗaya: idan injin guda ya mutu a sama, ina hancin jirgin zai nufa? Don sai ya mutu. Ba su taɓa ƙarewa tare.

Mu muna zagayawa ne saɓanin hannun agogo, fiffiken hagu shi ne na ciki, ta gefenka. In injin waje ya riga mutuwa, na ciki zai tura hancin waje, igiya ta ƙara ɗamewa, ka sauka lafiya lau. In na ciki ya riga, na waje zai juyo da hancin cikin da'ira, igiya ta saki, kai kuma babu abin da ya rage a hannunka sai mariƙi.

Haka ta faru da ni lokacin da nake karatu a Ingila. Mosquito na gina, na de Havilland, wanda ainihinsa ma da katako aka ƙera shi, ya fara tashi a 1940. Wata biyu ina aikinsa a ɗan teburin ɗakina. Ranar tashin farko na tayar da na ciki tukuna, sannan na waje ya yi min gardama kusan minti ɗaya, ina ta kaɗa farfela. Tankin Babe Bee cc 5 ne kacal, ashe duk lokacin nan na cikin yana shanye mansa. Zagaye huɗu na yi, sai na ji ƙarar ta ragu. Ina gani da idona igiyoyin suka yi ciki kamar igiyar shanya, na ja da baya da gudu, ban cim musu ba. Ya caki ƙasa taku biyar daga inda nake tsaye, gidan injin dama ya ɓalle ya yi gefe da farfelarsa. Har yau guntun fiffiken yana cikin akwatina.

Tun daga ranar ƙa'idata ɗaya ce: na waje ake fara tayarwa, na ciki daga baya, kuma a cika tankin na ciki dab da saki.

Ɗan Zurma:
Kawu, Allah ya ƙara girma, abin da kuka faɗa haka yake. Ni da tanki na magance nawa. Golden Bee da Black Widow, su ma injinan Cox ne, tankinsu cc 8 ne, sai na sa mai babban tanki a ciki, Babe Bee a waje. Ko na waje ya yi jinkirin mutuwa ba ya kai na ciki.

Game da P-38 kuwa, Mai Balsa, na gina shi, kuma gaskiya ba zan ba ka shawarar farawa da shi ba. Jiki uku za ka yi: jela biyu da ɗakin matuƙi a tsakiya, ga wutsiyar tsaye biyu. Kowane ɗaya da gam ɗinsa da fentinsa. Nawa ya fito gram 560 a fiffike mai faɗin inci 30. Yana tashi da injin biyu, amma da guda ya mutu sai ya fara nutsowa, ba ya ko kammala zagaye. Sandar da ke tafiya daga ƙarfen da igiyoyi ke ja zuwa leɓen wutsiya ma sai da na lanƙwasa ta sau biyu kafin ta isa, tana ta lauje a sama.

Malamin Firamare:
Ni F-82 Twin Mustang na yi, kuma shi nake yabawa ga mai farawa. Ka yanka jiki biyu shafaffu daga fallen balsa, katakon nan mara nauyi, mai kaurin kwata inci, iri ɗaya sak, ka zura fiffike ɗaya miƙaƙƙe ya ratsa su, wutsiyar kwance ta haɗe su a baya. Shi ke nan, babu jikin tsakiya, babu gidan injin daban. Abin da na fi so a ciki, tun da babu komai tsakanin farfelun, kana iya matso da injinan kusa da juna. Nawa inci 7 ne tsakaninsu da farfela 6x3, wato mai tsawon inci 6. Gwargwadon kusancinsu, gwargwadon raguwar karkatar hanci in ɗaya ya mutu. Faɗin fiffike inci 32, nauyi gram 430, kuma yana iya zagayawa da na ciki shi kaɗai har mai ya ƙare.

Na sa dalma gram 14 a bakin fiffiken waje, na karkatar da injin waje da washa ɗaya a ƙarƙashin kusoshin gefe guda don ya riƙa kallon waje kaɗan. Sau ɗaya na ciki ya riga mutuwa, ƙura ta shiga ƙarƙashin ɗan harshen nan mai buɗe wa mai hanya, lokacin hunturu ne. Igiyar ta yi laushi amma ba ta saki gaba ɗaya ba, na sauke shi a ciyawa.

Maman Tagwaye:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ce mai sakin jirgi a gidanmu, maigida yana mariƙi, don haka bari in faɗi abin da mai tsugunawa a gaban farfela yake gani, tun da ba a cika tambayarmu ba.

Injinan nan masu harshe suna iya tashi da baya. Da injin ɗaya nan da nan za ka gane. Da biyu suna ihu a kunnenka ba za ka ji bambanci ba. Ranar nan a wani fili kusa da gidanmu a Amurka na saki jirgi ashe na ciki baya yake juyawa, jirgin ya yi kwana a ƙasa ya nufo maigida, Allah ya tsare ciyawa ta riƙe tayoyin. Yanzu kafin in saki sai na sa tafin hannuna a bayan kowace farfela na ji iska tana bugowa. Ku sa musu sifirin ɗin tayarwa, yana rage wannan sosai.

Sannan ku duba inda hannu zai bi. Idan za a daidaita allurar man injin na biyu, yatsu suna wucewa dab da farfelar na farko. A Mosquito dogon hancin yana tsakani, yana tare hanya. Grumman Skyrocket, wanda hancinsa bai ko kai gaban fiffike ba, shi ya fi min sauƙi, komai a fili yake. Kuma kowane injin a daidaita shi shi kaɗai tukuna, a kashe, sannan a tayar da su tare ba tare da an sake taɓa allura ba.

Ɗan Zurma:
Hajiya, wannan na tafin hannu yau na fara ji, kuma na ɗauka.

Injiniya Ƙarami:
Ba wanda ya ambaci Cessna Skymaster, mai injin ɗaya a hanci ɗaya a baya. Su biyun a layi guda suke, kowanne ya mutu hanci ba ya karkata. Na gwada. Matsalar karkata ta tafi, wasu uku suka zo. Na baya yana zafi don iska ba ta isa gare shi sosai. Sai an sa washar ƙarfe a bayan mazaunin farfela saboda yanzu turawa yake yi, sandar injin tana gogar jikinsa. Kuma ɗan bututun da ke zuƙo mai a cikin tanki sai an juya shi ya koma gefen waje na da'ira, in ba haka ba rabin mai yake sha ya mutu. Duk an gyara su, amma ba aikin jirgin farko ba ne.

Kawu Bakanike:
Ƙanena, ka ji dai. Ban ce ka bar P-38 har abada ba, nima ina son sa. Amma ka sani ainihin jirgin ma farfelunsa saɓanin juna aka sa suna juyawa don ya zauna daidai. Ka fara da na Malam. In ka yi tashi ashirin da shi, kunnenka zai koyi gane wanda ya mutu tun kafin idonka ya gani. Kuma akwai lokacin da injinan biyu za su daidaita gudu, ƙararsu ta haɗu ta riƙa kaɗawa a hankali kamar ana buga tambari daga nesa. Saboda wannan ƙarar na sake gina wani bayan wancan ya farfashe. Man kuma ka tabbata akwai man zurma a ciki, injinan Cox ba sa daɗewa in babu shi.

Mai Balsa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ajiye zanen P-38 a durowa, Twin Mustang zan yanka. Tankunana duka cc 5 ne, don haka zan bi tsarin Kawu har in samo mai cc 8 na ciki. Malam, saura tambaya ɗaya: igiyata ta zare ce mai ƙafa 35, wadda nake tashin mai injin ɗaya da ita. Za ta ɗauki wannan?

Malamin Firamare:
A'a, kada ka yi. Zaren yana miƙewa, kuma a ƙafa 35 jirgin zai yi maka sauri har jiri ya ɗebe ka. Ni waya nake sawa mai kaurin inci .012, ƙafa 45. Kafin tashin farko ka sa wani ya riƙe jirgin, kai ka ja mariƙi da ƙarfi ka ga ko mazaunin ƙarfen da igiyoyi ke ja zai motsa. Nawa filawud ne, na ratsa shi da kusa har ƙasan fiffike.