Manhajar rediyo na katsewa da zarar hasken waya ya ɗauke

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗinki nake yi a Legas, FM ɗin Kano kuwa ba ta kawowa nan, shi ya sa na dogara da manhajar wata tashar gida wajen jin labaran rana da shirin siyasa na dare. Sati biyu ke nan abin ya lalace min.

Muddin fuskar wayar na kunne, murya tar take fita. Amma da na ajiye ta a gefen keke hasken ya ɗauke, ba a cika minti biyar sai in ji shiru. In na buɗe sai in tarar da ɗan da'irar nan tana ta juyawa, dole sai na rufe manhajar gaba ɗaya na sake shiga, kafin nan an wuce abin da nake son ji.

Wayar Android 13 ce. Na cire manhajar daga tsarin tattalin batir, na ba ta izinin shan data a bayan fage, na goge ta na sake saukewa. Na gwada da wayi-fayi ɗin maƙwabcina, duk sammakal. A shafin tashar na intanet ma haka yake yi. Bidiyon kai-tsaye da suke sawa a Facebook ba ya yankewa, sai dai yana cinye min data, ga shi sai fuskar na kunne, batir ba ya kai la'asar.

Don Allah wane saiti ne ya rage in taɓa domin sautin ya ci gaba ko da wayar na kulle?